Shekara Biyu Bayan Cizon Kaska

Ni ba baƙuwar kaska ba ce. A gidan kakana muka tashi muna cire ta daga kunnen tumaki, mu jefa cikin garwashi mu ji ta fashe. Shi ya sa ranar da na ga ƙwara ɗaya, ƙarama kamar ƙwayar riɗi, maƙale a bayan gwiwata, ko a jikina. Na sa farce na fizge ta, na ci gaba da wankana.

A lokacin ina wata ƙasa ta Turai. Jami'ar da nake digiri na uku a Kuala Lumpur ce ta tura ni wata uku in koyo gwajin ƙasar noma a wani ɗakin bincike. Kusan kullum sai mun shiga daji ɗebo samfur, ciyawa har gwiwa. Turawan da nake aiki da su sukan cusa ƙafar wando cikin safa, su feshe jikinsu da magani, ni kuwa ina yi musu dariya a zuci. Bayan kamar kwana goma wurin cizon ya yi wani duhu zagayayye, faɗin tafin hannu. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi. Na ɗauka ƙyasfi ne, na shafa mai, da kansa ya ɓace.

Na dawo unguwarmu ta Bukit Jalil a Kuala Lumpur lafiyata ƙalau. Muna zaune a hawa na goma sha huɗu, ni da mijina da 'yarmu mai shekara shida. Mijina malamin sakandare ne a Kano, ya ajiye aikinsa ya biyo ni don in yi karatu hankalina kwance. Sati uku da dawowata zazzaɓi ya fara. Na sauka kilinik ɗin da ke ƙasan gininmu, suka ɗebi jini don duba cutar zazzaɓin dengi, domin a garin nan duk wanda jikinsa ya yi zafi ita ake fara tuhuma. Babu ita. Aka duba zazzaɓin cizon sauro tunda daga Afirka nake, babu. Taifot, babu. Har hoton ƙirji aka yi mini.

Zazzaɓin ya tafi, ya bar mini wani abu da ban san sunansa ba. Yau gwiwar dama ta kumbura, jibi ta sace, ciwon ya koma kafaɗa. Sai kuma gajiya. Na san gajiyar aiki, na san ta goyon ciki, wannan daban take. Ina iya tashi daga barcin awa tara in ji kamar yini na yi ina dakan gero. Likitan kilinik ɗin, wani matashi mai fara'a, ya ce da ni da Turanci, ai duk masu digiri na uku haka suke, in rage tunani. Na karɓi farasitamol na hau sama. Wata biyar ina wannan hawa da sauka.

Wata safiya ina alwala, na kurɓi ruwa zan kurkure baki, sai ruwan ya zubo ta gefe guda ya jiƙa mini riga. Na sake kurɓa, ya sake zubowa. Na fito falo, 'yata tana cin biredi kafin tafiya makaranta. Ta dube ni ta daina tauna. Ita da Turanci take amsa mana ko da Hausa muka yi mata magana, amma ran nan Hausa ta yi.

"Abba, zo ka ga fuskar Ummi."

Ɓarin fuskata na hagu ya saki. Idon ba ya rufuwa, bakin ya karkace. Mijina ya yi salati, ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ko takalminsa bai sa daidai ba ya kira mota a waya muka nufi babban asibiti.

A can ne muka haɗu da likitar da har yau nake gani, wata dattijuwa 'yar asalin Indiya, wadda ta yi aiki shekaru a Turai. Bayan an yi hoton ƙwaƙwalwa an ga babu komai, ta jawo kujera ta zauna kusa da gadona, ta ce in ba ta labarin shekarar nan tun daga farko. Da na ambaci tafiyata da shiga daji, sai ta ɗaga kai.

"Wani abu ya cije ki a can?"

"Kaska ce kawai," na ce.

Ta ajiye bironta. Ta ce a ƙasar nan ba a cika ganin wannan cuta ba, shi ya sa ba wanda ya yi tunaninta. Aka aika jinina wani wuri, muka jira sati biyu. Da sakamako ya dawo ta faɗa mana sunan abin: cutar Laim, wadda kaskar wasu ƙasashen ke ɗauke da ƙwayarta.

Wallahi murna na yi. A cikin mota ina ta maimaita sunan da karkataccen bakina. Abin da ke da suna ai yana da magani. Mijina ya tsaya a shagon mamak, irin gidajen abincin Indiyawa Musulmi, ya yi mana tapau ɗin shinkafa da kaza, wato aka ƙunsa mana muka taho da shi gida, muka ci kamar masu walima.

Sati huɗu na yi ina shan ƙwayoyi masu tayar da zuciya, aka hana ni shiga rana. Da gwiwar ta ƙi sacewa, aka koma yi mini allura ta jijiya kullum, ita ma makonni. Fuskata ta dawo daidai, kumburin ya tafi. Na yi wata guda cur ina jin kaina kamar da. Na koma ɗakin bincike, har na yi wa mijina tuwon shinkafa da miyar kuka ranar wata Juma'a.

Sannan a hankali gajiyar ta dawo, ta zo da wani baƙo. Kaina ya cika da hazo. In karanta sakin layi ɗaya sau huɗu ban riƙe komai ba. In buɗe firji in tsaya ina kallonsa. A salla in rasa raka'a ta nawa nake, har na koma bin mijina ko nafila ce.

Na koma wurin likitar, aka sake gwaje-gwaje. Ta dube ni ta cikin tabarau ta ce, "Gwargwadon abin da muka sani, ƙwayar cutar mun kashe ta. Amma akwai waɗanda ciwon jiki da gajiya ke bi bayan an gama magani. Wasu wata shida, wasu shekaru. Ba mu gama sanin dalili ba."

"To a ƙara mini allurar mana, likita."

"Ba zan ƙara ba. Ba ni da hujjar cewa za ta taimake ki, ina kuwa da hujjar cewa za ta iya cutar da ke."

"To me zan yi?"

Ta ce in riƙa hutawa kafin in gaji, in ɗan taka kaɗan kowace rana, in gyara barcina. Ta rubuta mini maganin ciwon jijiya. Mace ce mai gaskiya, ba ta taɓa ce mini ƙarya nake yi ba. Amma na fito daga ofishinta da hannu biyu babu komai.

A intanet na tarar da dubban masu irin ciwona. Su cewa suke ƙwayar tana ɓuya a jiki, likitoci ne ba sa son yarda. Wasu likitocin kuma na cewa babu wani abu wai shi Laim mai daɗewa. Kowane ɓangare da hujjojinsa da zafin ransa. Ni da na yi shekaru ina koyon tantance bincike, yanzu ba na iya karanta shafi biyu a jere, balle in raba musu gardama.

Abin da ya karya mini gwiwa ya faru ne ranar da zan gabatar da inda aikina ya kai a gaban malaman sashenmu. Na shirya, na yi bita a gaban mijina sau uku. Na fara lafiya. Ina haska bayanaina a bango, a allo na biyar wani malami ya tambaye ni sunan hanyar da na bi wajen auna gishirin ƙasa. Hanyar da na yi fiye da shekara ina amfani da ita, wadda saboda ita aka tura ni Turai. Na buɗe baki, babu. Ina ganin na'urar a idona, ina ganin kalar kwalaben, sunan ne ya ɓace ɓat. Mai duba aikina, wani farfesa ɗan Malay mai sanyin hali, shi ya faɗi sunan a hankali kamar mai tuna wa kansa. Na ce na gode. A allo na bakwai abin ya sake faruwa.

Bayan an watse ya kira ni ofishinsa ya zuba mini shayi. Ya ce in ɗauki hutun zango ɗaya, aiki ba zai gudu ba. "Boleh?" ya ce, wato zai yiwu? Na gyaɗa kai. A jirgin ƙasa na dawowa na zauna ina kallon dogayen gine-gine suna wucewa, har na zarce tasharmu da biyu ban sani ba.

Daga nan na buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo da magani.

Mahaifiyata ce ta fara. Dama tun ranar da fuskata ta karkace ta yanke hukuncinta. Ta kira ni ta bidiyo, ta ƙura mini ido.

"Ke 'yar nan, kaska? Kaskar da kuke wasa da ita a gidan kakanki Malam? Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Mace ta tafi ƙasar waje neman digirin da maza ba su samu ba, ki ce babu mai sa miki ido?"

"Hajiya, an gani a jini."

"To an gani, an ba ki magani, kin warke?"

Da wani ɗalibi zai dawo daga hutu, ta ba shi saƙo: rubutun sha da aka busar a auduga, zuma, man habbatussauda, da garin sassaƙe kala uku a ƙulle cikin leda, kowanne da 'yar takardar yadda ake sha a rubutun ƙanwata. Mijina ya karɓi aikin, shi ke dama mini a kunu safe da yamma.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Malay da muke kira Makci, ita ta lura na daina fitowa shanya. Ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwanon fate, ta ce, "Makan, makan," wato in ci. Da ta ji labari ta ce kaho ne maganina, su bekam suke ce masa. Ta kai ni wurin wata mata mai yi wa mata zalla. Ba ƙahon sa irin na wanzamanmu ba ne, kofunan roba ne da ɗan famfo, ga safar hannu, ga karatun Alƙur'ani na tashi a hankali daga rediyo. Matar ta nuna mini jinin da ya fito, baƙi, ta ce ga dattin nan. Na kwana biyu jikina sakayau, har na share gida. Rana ta uku na kasa ɗaga kaina daga matashi. Na koma sau huɗu, kowane zuwa kwana biyun nan nake samu, wani lokacin ɗaya.

Sai ƙawata 'yar Jos, Kirista ce, ma'aikaciyar jinya da ke koyarwa a wata kwaleji, tana zaune a unguwar Sentul. Ita kaɗai ce ba ta gaji da zuwa dubiya ba. Matan 'yan uwanmu ɗalibai sun yi ƙoƙari da farko, sun yi ta kawo abinci, amma ciwon da ya daɗe har masu dubiya yake gajiyarwa. Kuma ni ban rame ba, ƙiba ma na yi saboda zama. In mun haɗu a masallaci sai a ce, "Masha Allah, jiki ya yi kyau." In ce alhamdu lillahi, don ban san ta inda zan fara ba.

Ƙawar tawa ta ce, "'Yar uwa, ni ma'aikaciyar asibiti ce, ban cika yarda da waɗannan abubuwa ba. Amma akwai wani tsoho ɗan Sin a unguwarmu, ya taimaki bayana. Mu gwada, a rashin tayi akan bar arha."

Shagonsa na cikin tsofaffin shagunan Sentul, bango guda duk 'yan durowoyin katako ne cike da saiwoyi. Ya riƙe wuyan hannuna da yatsu uku ya rufe ido, ya ce in fito da harshe. Ya yi bayani da Turancinsa mai gutsuri-gutsuri, wai jikina ya tara danshi da sanyi, ƙarfina ya toshe. Matarsa ce ta soka mini siraran allurai a gwiwa da hannu da tsakiyar ka, na kwanta rabin awa ina kallon fanka. Abin mamaki, ciwon gwiwar ya ragu, wannan ba zan musa ba. Ya haɗa mini saiwoyi da ɓawo a takarda, a dafa a tukunyar ƙasa har ruwa kofi uku ya koma ɗaya. Warinsa ya kama labule da kayan makarantar 'yata. Ɗacinsa kuwa maɗaci albarka. Na toshe hanci na sha, wata biyu.

Ban tsaya nan ba. Na sayi ƙwayoyin ganye da mutanen intanet ke yabo. Na bar sukari, na bar alkama, na bar madara. Kowane sabon abu nakan ba shi sati biyu ina sauraron jikina kamar mai jiran sallama a ƙofa. In na tashi da sauƙi in ce shi ne. In na tashi da nauyi in ce bai fara aiki ba tukuna.

Ƙawata ce ta fara ganin abin. Ta zo wata Asabar da rana, ta tarar ina amai, na kwana uku abinci ba ya shiga. Ta ja ni bakin taga ta buɗe idona da yatsa, ta ga ya yi rawaya.

"Tun yaushe fitsarinki ya canza kala?"

"Kwana biyu ko uku."

"Sa hijabinki. Yanzu."

Gwaji ya nuna hantata ta kumbura. Aka kwantar da ni. Likitata ta ce wa mijina ya je gida ya kwaso duk abin da nake sha, kada ya bar ko ɗaya. Ya dawo da jakar cefane cike. Ta riƙa fito da su tana jerawa a kan teburin gadon: ledojin Hajiya, ƙunshin tsohon Sentul, kwalaben intanet, mai, zuma. Kala goma sha ɗaya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga wata leda ta tambaye ni mene ne a ciki. Na ce sassaƙe. Na wace bishiya? Ban sani ba. Ta ɗaga ƙunshin takardar, shi ma ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba," ta ce. "Ba zan iya ce miki wannan ne ko wancan ba, wataƙila haɗuwarsu ce. Zumar ki ci gaba da sha. Sauran duka a dakata."

Da ta fita, mijina ya zauna a bakin gado yana murza hularsa.

"Malama," ya ce, haka yake kirana tun muna saurayi da budurwa, "akwai abin da ban faɗa miki ba. Garin nan na Hajiya, an rubuta rabin cokali. Ni cokali guda nake sa miki, wani lokacin har da ƙari. Gani na yi kamar zai fi sauri."

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan, ko da mahaifinsa ya rasu a ɓoye ya yi. Na so in ce masa ba laifinsa ba ne, na so kuma in yi masa ihu. Ƙarfin ko ɗaya ban da shi. Na ɗora hannuna a kan nasa. Ƙawata tana tsaye a bakin ƙofa, ita ma tana cewa ita ta kai ni Sentul, ita da ta fi kowa sanin illar haɗa magunguna.

Faɗa wa Hajiya ya fi komai wuya.

"Yanzu ayar Allah ce za ta taɓa miki hanta?"

"Ba rubutun ba, Hajiya. Garin ne aka ce a tsaya, da na 'yan Sin ɗin, da duka sauran."

"To su masu hanawar, me suka ba ki a madadinsa?"

"Ba komai."

Sannan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ki dawo gida mana. Ko ba magani, in riƙa ganinki."

Kwana shida na yi a asibiti. Hantar ta warke cikin wata biyu, ita kam ta ji magana. Sauran ciwon yana nan inda na bar shi. Hutun zango ɗaya ya zama biyu. Allurar tsohon Sentul kaɗai na koma yi, da izinin likita, ba tare da saiwoyin ba, don tana ɗan sassauta mini gwiwa. Rubutun Hajiya ina sha. A sati nakan sami kwana biyu, wani satin uku, da kaina ke washewa da hantsi, in rubuta rabin shafi na kundina. Ba na sanin wace rana ce sai ta zo. Maganar komawa gida muna yinta ni da mijina, mu ɗauko mu ajiye. In na tafi, shekara huɗu sun tafi a banza. In na zauna, ban san abin da nake jira ba.

Ana saura sati biyu ƙaramar Salla na tashi da sauƙi, na ce yau da kaina zan zaɓo wa 'yata yadin Salla. Muka tafi Jalan TAR mu uku. Titin ya cika maƙil, shagunan yadi sun fito da kaya har bakin hanya, ana ta kiran masu saye. Na shiga shago na farko, na biyu, ina taɓa yadi ina murza shi, ina jin daɗin yadda har yanzu hannuna ya san mai kyau. A shago na uku ƙafafuna suka ce sun gama. Ba jiri ba ne, ba suma ba ce, kawai kamar an zare wani abu ne daga jikina. Mai shagon ta turo mini kujerar roba, na zauna tsakanin bandiran leshi, fitilu suna yi mini yawa, surutun mutane yana shiga kaina ba ya zama magana.

Mijina ya fita neman inda mota za ta iya tsayawa. 'Yata ta ɗauko yadi biyu, shuɗi da ruwan hoda, ta ɗora mini a cinya ta ce in zaɓa. Na dube su. Na san tambayar mai sauƙi ce, amma na kasa haɗa ta. Ta jira, ta jira, sannan ta ɗauki shuɗin da kanta ta miƙa wa mai shagon.

A mota ta jingina da kafaɗata, ledar yadin a ƙirjinta.

"Ummi, gobe za ki iya raka ni wurin tela?"

"Ban sani ba," na ce. "Sai goben ta yi."